Zama a tsibiran Yawuri da Ngaski: tambayoyi da amsoshi kan rayuwa, fili da tsaro

Masu aiko da waɗannan tambayoyi yawanci malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da aka tura ƙauyukan ruwa, sai 'yan kasuwar albasa da kifi, sai kuma bayin Allah da rashin tsaro ya raba da garuruwansu suke neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Maganar ta shafi tsibiran Kogin Kwara da Tafkin Kainji ta ɓangaren jihar Kebbi, waɗanda mu a ƙasar Yawuri muke kira gungu. Na ɗauki tambayoyin da aka fi maimaitawa, na amsa su yadda zan amsa wa ƙanina.

Su wane ne mazauna tsibiran nan, kuma suna karɓar baƙo?

Asalin masu wurin Gungawa ne, masu yaren Reshe, kuma tun kaka da kakanni an san su da noman albasa da sarrafa jirgi. Akwai Sarkawa masunta, akwai Kambari a bakin gaɓa, akwai Hausawa, da Fulani masu shigo da shanu cin ciyawar burugu idan ruwa ya ja. Hausa ce harshen kasuwa, don haka magana ba za ta gagare ka ba.

Suna karɓar baƙo hannu biyu, amma akwai tarihin da ya kamata ka riƙe a zuciya kafin ka buɗe baki kan zancen ƙasa. Lokacin da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, tafkin ya shanye gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka mayar da su sababbin matsugunai. Gungawa da yawa sun bar tsibiran iyayensu ke nan. Dattawan da suka ga wannan da idonsu wasu suna nan da rai, 'ya'yansu kuma sun tashi da labarin. Mutumin da aka taɓa raba shi da gonarsa ba ya ɗaukar zancen fili da wasa, kuma yana da gaskiya.

Malam, wane lokaci ne ruwa yake cika? An nuna mini wani wuri a watan Yuni, busasshe ƙayau.

Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya yi, domin a nan ne baƙi suka fi yin asara. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na farko ruwan daminarmu ne, mai laka, wanda yake hauhawa daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu ruwan da aka yi can tsaunukan Gini ne, wanda yake bazuwa cikin fadamun Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, ba ya iso mu sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, kuma shi ya fi tsabta don ya zubar da lakarsa a hanya. Saboda haka tafkin yakan zauna a cike a lokacin da gari ya bushe ana fama da ƙura, sannan ya riƙa ja da baya cikin bazara har ya kai ƙarshen raguwarsa cikin damina, kafin sabon ruwa ya iso.

Ka ga ke nan wanda ya nuna maka fili a Yuni ya nuna maka shi ne a lokacin da ruwa ya yi nisa. Ban ce yana nufin cuta ba, domin shi ya saba, a wurinsa ba abin faɗa ba ne. Amma kai kada ka ba da ko sisi sai ka koma ka ga wurin a Oktoba, ka sake komawa a Janairu. Ka dubi jikin itatuwa da katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane inda ya tsaya. Ka tambayi tsofaffi inda ya kai a 2012 da 2020 da 2022, shekarun da ambaliya ta yi ɓarna sosai. A 2020 manoman shinkafa na Kebbi sun ji jiki ƙwarai. Inda ruwa ya taɓa zuwa sau ɗaya ya san hanya.

To zan iya sayen fili a tsibiri in mallake shi?

A dokance, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. A ƙauye, ƙaramar hukuma ce take ba da shaidar wannan haƙƙi bisa al'ada, kuma idan za a mayar da shi hannun wani ana buƙatar amincewarta. Akwai kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda doka ta ba ta iko a kan ƙasar da ke gefen manyan hanyoyin ruwa, har mita 100 daga baki a inda gaɓa take da tsayi. Mai son yin gini na dindindin dab da ruwa ya leƙa ofishinsu na Yawuri tukuna.

Wannan ta fuskar takarda ke nan. A zahiri, babu tudun da ba shi da mai shi, ko da ka gan shi ciyawa ce kawai, ko da rabin shekara yana ƙarƙashin ruwa. Yawancin filayen gado ne na gida guda, kuma sau da yawa ba a raba gadon ba. Sai ɗa ɗaya ya sayar maka, bayan shekara biyu ƙannensa su dawo daga ci-rani, ko 'yan'uwansa mata da ke aure a wani gari su ce ba da saninsu ba. Kotun shari'ar Musulunci za ta saurare su, kuma daidai ne ta saurare su, domin haƙƙinsu ne.

Hanyar da na yarda da ita ita ce ka fara da mai unguwa, ya kai ka wurin dagaci, maganar ta kai kunnen hakimi. A tara dukan magada, mata da maza, a taka iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan ɓangarori huɗu. A rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, sannan ka kai takardar sakatariyar ƙaramar hukuma. Kada a yi iyaka da bakin ruwa ko da itace guda da ke kan gaɓa, domin zaizaya tana cin gaɓa kowace shekara. A kafa dutse ko turken siminti ta ɓangaren tudu, a auna daga nan.

Ni dai shawarata ga baƙo, shekarar farko da ta biyu ya nemi aro ko haya. Saye ya biyo baya, in har ya ga zaman ya karɓe shi.

An ce in ba da kuɗi a ba ni gona jingina. Yaya kake gani?

Jingina ta fi kowane ciniki haifar da rigima, saboda ana yin ta cikin gaggawa, mai gona yana da maras lafiya ko biki a gabansa. Idan za ka shiga, a rubuta adadin kuɗin, da lokacin fansa, da abin da zai faru idan mai gona ya kawo kuɗi alhali amfaninka yana tsaye bai nuna ba. Ka kuma tambayi malamin da ka amince da shi hukuncin cin amfanin gonar da ka riƙe saboda bashi, domin malamai suna da magana mai nauyi a kai.

Wane irin gida ya dace?

Ka dubi inda tsofaffin gidajen gari suke, ka nemi wuri kusa da su. Ba banza suka zaɓi nan ba. Ginin ƙasa yana da sanyi da arha, amma idan ruwa ya kwana a gindinsa sai ya zauna, don haka a ɗaga harsashi da dutse ko bulon siminti kafin a ɗora ƙasa. A ɗaure rufi da kyau saboda iskar farkon damina, wadda a kan ruwa ba ta da abin da zai tare ta. Rumbu da ɗakin ajiyar albasa su hau tudun da ya fi kowane. Masai kuma a nisanta shi da rijiya da bakin ruwa.

Ka sa a lissafinka cewa kowane buhun siminti da kowane fallen kwano sai an biya masa kuɗin mota, da na dako, da na jirgi, da na wani dakon.

Maganar jirgi fa? Gaskiya ita ce take ba ni tsoro.

Tsoronka a wurinsa yake. Duk abin da ake gudu a tsibiri, babu wanda ya kai jirgi cin rayuka. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nitse da mutane fiye da 150 a cikinsa, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukumomi sun ce lodi ne ya yi masa yawa. Har yau idan aka ambaci ranar a ƙasar nan sai jiki ya yi sanyi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abubuwan da suke kifar da jirgi a nan sanannu ne. Na farko lodi, musamman ranar kasuwa, a zuba buhuna da babura da dabbobi sannan a ɗora mutane a sama. Na biyu tsufan katako. Na uku kututturan itatuwan da tafki ya shanye tun 1968, waɗanda har yanzu wasunsu suna tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma sun fi haɗari idan ruwa ya ragu. Sai hadari, wanda a watannin Afrilu zuwa Yuni yakan taso cikin ɗan lokaci ya tayar da igiyar ruwa. Sai hazon hunturu mai ɓatar da matuƙi, da kainuwa mai naɗe farfelar inji, da tafiyar dare, wadda NIWA ta hana amma ba a daina ba.

Abin da nake roƙonka shi ne ka mallaki rigar kariya taka ta kanka, da ta iyalinka, har da ƙanana daidai jikin yara. Hukumar raya yankunan madatsun ruwa, HYPPADEC, ta sha raba riguna a garuruwan bakin ruwa, amma kada ka jira rabo. Ka sa ta ka ɗaure kafin ka taka jirgi. Rigar da aka zauna a kanta ko aka cusa cikin jaka ba ta ceton kowa. Wasu za su yi maka dariya su ce kai matsoraci ne ko ba ka yi tawakkali ba. Ka bar su. Ɗaure raƙumi ba ya hana dogara ga Allah.

Kafin ka shiga, dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Idan ka ga ruwa yana neman lasar baki tun ana tasha, sauka, ko da ka biya. Idan ka ga yaron jirgi yana ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, sauka. Idan gabas ta yi baƙi, ka kwana inda kake. Ka saba da matuƙi ɗaya ko biyu waɗanda mutanen gari suka shaida da natsuwa, ka riƙe lambarsu. Kuma mai gida, in da hali, kada ka zuba dukan iyalinka a jirgi guda ranar kasuwa ko ranar biki.

Idan wani ya faɗa ruwa a gabana, me zan yi?

In ba gwanin iyo ba ne kai, kada ka bi shi, domin mai nitsewa yakan riƙe wanda ya zo cetonsa su tafi tare. Miƙa masa gora ko filafili, ko ka jefa masa jarka rufaffiya ko igiya, kana ihu a zo. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri. Kada a ɗage shi kai ƙasa ko a tattake cikinsa wai don ruwa ya fito, ɓata lokaci ne. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo daga baya.

Yaran da suka zo daga tudu kuma a koya musu iyo a hannun babban da ya iya. Kada a ga 'ya'yan gari suna tsalle cikin ruwa a ɗauka na baƙo ma za su iya.

Ni 'yan bindiga ne suka kore mu. Tsibiri ya fi tsaro?

Allah ya mayar muku da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Gaskiya ruwa yana rage haɗari, tun da masu zuwa bisa babura ba sa iya ƙetare shi yadda suka ga dama, kuma a ƙaramin gari duk jirgin da ya tsaya an san mai shi. Amma ba zan ce maka katanga ba ne. Ƙasar Yawuri ta ga nata rabon, kowa yana tuna sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, kuma an sha ba da rahoton 'yan bindiga a dajin Kainji da ke yamma da tafkin. Hanyar mota da za ka bi kafin ka kai bakin ruwa ita ma abin lura ce. Sannan idan abu ya faru a tsibiri, jami'an tsaro sai sun nemi jirgi kafin su iso.

Ka sanar da mai unguwa zuwanka da na duk baƙon da zai kwana gidanka. Ka san inda jirage suke kwana da wanda yake riƙe da mai. Ka riƙe lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta 'yan sa-kai na gari, haɗe da 112, lambar kiran gaggawa. Kada a san ka da ajiye kuɗi a ɗaki bayan ka sayar da albasa.

Sata fa?

Ba ta da yawa a cikin gari. Abin da ake ɗauka shi ne injin jirgi, da taru da aka bari a ruwa, da injin ban-ruwa a gona. A cire inji a shigo da shi gida da dare. Gobara ta fi sata ba ni tsoro, domin ana ajiye fetur a ɗakin kwana, ga rufin ciyawa, ga wutar bandar kifi, ga iskar hunturu. A yi wa mai rumfarsa daban, nesa da murhu. Takardun fili da na makaranta kuma a naɗe su cikin leda, a ɗauki hotonsu a waya, a bar kwafi wurin ɗan'uwa a Yelwa, babban garin Yawuri.

Da gaske akwai dorina?

Akwai, kuma tana ɓarna a gonakin shinkafa, tana kuma iya kifar da kwale-kwale, musamman mai ɗa. Da dare take fitowa kiwo, don haka kada ka bi bakin ruwa da duhu ko da asuba ba tare da fitila ba, kuma kada ka shiga tsakaninta da ruwa. Masunta sun san inda take zama, ka tambaye su. Idan ta addabi gari a kai ƙara wurin Sarkin Ruwa da hukuma, kada a ɗauki mataki da ka.

Maciji ya fi yawa lokacin da ruwa yake hawa, don shi ma tudu yake nema. In ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a nemi jirgi nan take zuwa asibitin da ke da allurar dafi.

Wace cuta ce ta fi damun mutane?

Zazzaɓin cizon sauro, sai gudawa da kwalara a lokacin ambaliya, sai tsargiya. Tsargiya nake so in ɗan tsaya a kanta, saboda an saba da ita har wasu iyaye suna ganin fitsarin jini ga yaro alamar girma ce. Cuta ce. Ƙwayarta tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na ruwa mara gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki ko kamun kifi. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana rage jini, ga mata kuma tana taɓa mahaifa. Maganinta praziquantel, ana raba shi a makarantu, kuma ana samunsa a asibiti. Ruwan wanka idan aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, ƙwayar takan mutu. Na sha kuwa a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin. Gidan sauro dole ne, rani da damina.

Malam, ni mace ce, mijina zai koma can da aiki kuma ina da juna biyu. In bi shi?

Hajiya, ki bi shi in kina so, amma ku yi shiri tun yanzu. Ki riƙa zuwa awo ba fashi, kuma da watanki ya kama ki dawo Yelwa ko Wara, kusa da babban asibiti, ki zauna wurin dangi har ki sauka lafiya. Naƙuda ba ta zaɓen lokaci. In ta zo da tsakar dare ana hadari, ko jini ya ɓalle, babu matuƙin da zai iya yi miki alkawarin ƙetarewa. In haihuwar fari ce, ko an taɓa yi miki aiki, ko kina da hawan jini, ki dawo tun da wuri fiye da haka. Maigida kuma ya ware kuɗin mai da na jirgin shata ya ajiye, kada ya taɓa su.

Akwai wutar lantarki da sabis na waya?

Yawancin tsibiran ba su da wuta, duk da cewa ruwan da ya ci gonakinsu shi yake ba ƙasa lantarki, kuma wannan abu yana yi mini ciwo. Sola ita ce mafita. Sabis yana kamawa a wasu wurare, a wasu sai an hau tudu, don haka ka riƙe layi biyu. Banki sai cikin gari, masu POS kuma ranar kasuwa.

Makarantar yara?

Wasu ƙauyukan suna da firamare da makarantar allo, wasu sai yara sun ƙetara. Ban goyi bayan ƙaramin yaro ya riƙa hawa kwale-kwale kullum safe da yamma ba. Idan ya kai sakandare a nema masa wurin zama a gari.

Da wace sana'a baƙo zai riƙe kansa?

Albasa ce sarauniya a nan, sai shinkafa, sai rogo da masara a ƙasar da ruwa ya janye ya bari da danshi. Kamun kifi yana da masu shi da ƙa'idojinsa a hannun Sarkin Ruwa, kuma baƙo ba ya jefa taru inda ya ga dama. Abin da ya fi sauƙin shiga shi ne sayen kifi, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da warangi, a yi banda ko a shanya a kai kasuwar Yelwa, inda 'yan kasuwa daga kudu suke zuwa sara. Mai gyaran injin jirgi da na ban-ruwa, da mai haɗa sola, da mai shagon magani da ke da lasisi, duk ba za su rasa ciniki ba. Wanda yake son kiwon kifi ya nemi shawara a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa.

Ina son in zo in gani da idona. Ta ina zan fara?

Daga Birnin Kebbi ka biyo ta Jega da Koko zuwa Yelwa, daga kudu kuma ta Kontagora, kuma ka yi tafiyarka da rana. Idan ka daidaita zuwanka da bikin Rigata na tseren jirage, wanda masarautar Yawuri take shiryawa yawanci a farkon shekara, za ka tarar da mutanen tsibirai da jiragensu a wuri guda, kuma lokacin tafkin yana cike, ka ga iyakar ruwa da kanka. Ka nemi wanda zai gabatar da kai, ɗan kasuwa ko malami ko ma'aikacin lafiya da aka sani a garin da kake nufi, domin ba a sauka tsibiri ba mai masauki. Ka riƙo goro na gaisuwar mai gari, da gidan sauro, da tocila, da rigar kariyarka, ka hau jirgin safe.